Motar Haibirid 'Yar Kwatano: A Yi Lissafin Batir Da Na Makaniki Kafin A Biya Kuɗi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu domin in yi magana a kan motocin nan masu haɗa fetur da lantarki, waɗanda ake kira haibirid, musamman tsofaffin da ake shigo mana da su bayan sun riga sun ci dogon zango a ƙasashen da aka fara hawansu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yawan tambayar da nake sha. Na sayi Toyota Prius ƙirar 2010 a shekarar 2019, lokacin da litar fetur take naira 145, kuma a wancan lokaci 'yan'uwa da abokan aiki jaje suka riƙa yi mini, suna cewa na sayo wa kaina wahala da kuɗina. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a gidajen mai da yawa, sai ga shi waɗanda suka yi mini jaje su ne suke tare ni a ƙofar masallaci suna tambaya ko su ma su saya.

Amsar ba ta ba da kanta a tsaye a bakin masallaci, shi ya sa na ga ya fi kyau in rubuta. Maganganu iri biyu nake ji a gari. Wasu suna cewa ranar da batirin haibirid ya mutu, motar ta zama akurkin kaji, don haka kada ma a kusance ta. Wasu kuma, galibi dillalai, suna cewa ba ta shan mai, ba ta lalacewa, sai dai a hau kawai. Na yi shekaru ina hawan wannan mota a cikin Kano da kan hanyar Zariya, na kashe mata kuɗi inda ya dace da inda bai dace ba, kuma abin da na fahimta shi ne yawan kilomitan da ke kan mita ba shi ne abin tsoro na farko ba. Abin da yake cin wannan mota a wurinmu shi ne shekarun batir, da zafin bazara, da ƙurar hunturu, da hannun makanikin da bai san ta ba.

Sai na fara da ba ta haƙƙinta. Toyota ta fitar da Prius a Japan a ƙarshen 1997, ta kai ta kasuwannin duniya a 2000, saboda haka wannan ba sabuwar fasaha ba ce da ake gwaji da mu. A birnin New York an fara sa motocin haibirid a aikin tasi tun 2005, kuma a San Francisco an samu tasi-tasin Ford Escape na haibirid da suka kai mil 300,000 suna aiki. A 2011 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta gwada wata Prius ƙirar 2002 da ta haura mil 200,000, ta tarar shan manta kusan daidai yake da na sabuwa da ta gwada shekaru da suka wuce. A Ulaanbaatar, babban birnin Mongoliya, tsofaffin Prius da ake kawowa daga Japan sun cika tituna, a ƙasar da sanyinta yake daskarar da komai. Dalilin wannan juriya a fili yake ga duk wanda ya buɗe bonet. Motar ba ta da kik ɗin tayar da inji, ba ta da altaneta, ba ta da kuloci, kuma ƙirar 2010 ko fambel ba ta da shi. Abin da ake kira giyarta wasu 'yan haƙoran ƙarfe ne da suke raba ƙarfi tsakanin injin fetur da injinan lantarki biyu, babu canjin lamba ɗaya zuwa biyu balle wani abu ya goge. Birki ma mafi yawansa injin lantarki ne yake riƙewa yana mayar da ƙarfin cikin batir, shi ya sa fad ɗin birki yake daɗewa ƙwarai. Duk waɗannan abubuwa ne da mai tsohuwar mota ya saba kai wa gareji kuɗi a kansu, kuma a nan babu su.

To, sai batir, wanda shi ne uwar magana. Babban batirin Prius daga ƙirar 2004 zuwa ta 2015 yana kwance a bayan kujerar baya, ƙarƙashin but, kuma ba dunƙule ɗaya ba ne. Fale-fale 28 ne aka jera aka haɗa su a layi ɗaya, kowane falle yana ba da bolt 7.2, jimilla bolt 201.6. Na Camry haibirid ƙirar 2007 fale-fale 34 ne. Kwamfutar motar ba ta barin batirin ya cika maƙil, ba ta kuma barin sa ya ƙare, tana riƙe shi tsakanin kusan kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari, kuma wannan dabara ce ta sa yake shekaru goma ko fiye alhali batirin waya yana gajiya cikin shekara biyu. Amma da yake a layi ɗaya suke, falle ɗaya idan ya yi rauni sai ya ja sauran 27 ƙasa. Alamun da direba zai fara gani su ne ma'aunin batir yana cika da sauri yana zubewa da sauri, inji ya ƙi yin shiru a cunkoso kamar yadda ya saba, shan mai ya ƙaru, daga ƙarshe alamar gargaɗi mai kusurwa uku ta kama, na'urar gwaji kuma ta nuna lambar P0A80, wadda ma'anarta a canja batir.

Akwai lissafin da ya kamata kowane mai saye ya yi a nan. A Amurka, inda mafi yawan waɗannan motoci suke fitowa, Toyota ta riƙa ba da garantin batir na shekara 8 ko mil 100,000, a jihohi irin su Kalifoniya shekara 10 ko mil 150,000, sai daga ƙirar 2020 ta mayar da shi shekara 10 ko mil 150,000 ga kowa. Motar da ta iso Kano tana da shekara goma sha biyu ko sha biyar ta riga ta wuce duk wannan. Sau da yawa ma dalilin da ya sa mai ita na farko ya rabu da ita ke nan: ya ga lokacin canjin batir ya matso, ya gwammace wani ya biya. Bayan haka sai ta yi watanni a filin gwanjo, ta yi makonni a jirgin ruwa, ta yi zaman jira a tashar Legas, ta zo ta sake zama a filin dillali cikin rana. Irin wannan batir yana zubar da cajinsa da kansa idan aka ajiye shi, kuma fale-falen ba sa zubarwa daidai da juna, don haka zaman banza ya fi yi masa illa a kan tafiya. Na sha gaya wa masu tambayata cewa motar da ta yi kilomita 300,000 tana aiki kullum tana iya fin wadda ta yi 150,000 ta shekara a ajiye lafiyar batir.

Zafi shi ne abin da ba a faɗa wa mutanenmu. Wannan batir ba da ruwa ake sanyaya shi ba. Wata ƙaramar fanka ce take zuƙo iskar cikin mota ta wata kafa da ke gefen kujerar baya, ta hura ta tsakanin fale-falen. Ma'ana, iskar da fasinja yake shaƙa ita ce batirin yake shaƙa. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, zafin waje yana haura digiri 40, na cikin motar da aka bari a rana kuwa ya wuce haka nesa. Wanda yake kashe na'urar sanyaya mota domin tattalin mai, yana sauke gilas, bai san cewa batirin da ya fi man tsada yake gasawa ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma hunturu yana cika wannan fanka da ƙura. A bazarar 2021 na fara jin gurnani daga bayan kujera, motar kuma ta yi nauyi a hawa. Da aka kwance fankar sai muka tarar ƙura da zare sun daskare a fuka-fukanta kamar audugar katifa. Laifina ne, domin shekara biyu ina hawan motar ban san akwai fanka a wurin ba, kuma iyalina sukan jingina jaka ko mayafi daidai bakin kafar. Aikin wanke ta bai kai awa biyu ba, kuɗinsa bai kai na cika tanki ba, amma na tabbata waɗannan shekaru biyu sun rage wa batirin kwana. Tun daga lokacin duk ƙarshen hunturu sai an buɗe ta.

Da batirin ya gaza a 2023, na bi hanyar da kusan kowa yake bi, wato faci. Wani mai gyara ya auna fale-falen, ya ciro biyu da suka yi rauni, ya sa wasu tsofaffi biyu da ya ciro daga wata mota. Kuɗin ya yi sauƙi, alamar gargaɗi ta ɗauke, na yi godiya na tafi. Wata biyar sai ta dawo, wannan karon wani falle ne daban. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne fale-falen nan 28 tare suka tsufa, zafi ɗaya suka sha, idan biyu sun faɗi yau to sauran suna kan hanya. Kuma falle baƙo da aka cusa a tsakaninsu, idan ƙarfin riƙonsa bai yi daidai da nasu ba, sai ya ƙara rikita ma'aunin. Faci yana da amfani idan mai aikin yana da na'urar da zai caja kowane falle ya sauke shi, ya auna ainihin abin da yake riƙewa, ya zaɓo waɗanda suka yi daidai da juna, ya wanke 'yan ƙarafan jan ƙarfe da suke haɗa su domin suna yin tsatsa. Wannan aikin kwanaki ne. Wanda ya ɗora mita a kan falle ya ga bolt bakwai da wani abu ya ce lafiya lau bai auna komai ba, domin falle mai rauni ma yana nuna haka idan babu nauyi a kansa. Na yi faci sau biyu kafin na haƙura na sayi cikakken batir da aka ciro daga motar da ta fi tawa ƙuruciya, kuma da na haɗa kuɗin faci biyu da na janwe da kwanakin da na yi ina hawan a-daidaita-sahu, na ga da tun farko na yi hakan da ya fi mini. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Game da kuɗi, sabon batir na asali a Amurka yana kamawa tsakanin dala 2,000 zuwa 4,000 har da kuɗin aiki. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 kuwa ta haura 1,500. Wato abin da ya sa mai ya yi tsada har muka fara sha'awar haibirid, shi ne kuma ya ninka kuɗin gyaranta. Bari in yi lissafi a fili. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta auna Prius ƙirar 2010 a kan mil 50 a galan, kusan kilomita 21 a lita. Ni a nan, da na'urar sanyi a kunne da ramukan hanya, kilomita 17 nake samu. Corolla sa'arta tana ba da kusan 12. Wanda yake yin kilomita 20,000 a shekara zai sha lita kusan 1,670 a Corolla, a Prius kusan 1,180. Bambancin lita 490 ne, idan aka ƙaddara lita a naira 1,000 ya zama kusan rabin miliyan a shekara. Batirin dala 2,000 a canjin 1,500 naira miliyan 3 ne, ribar shekara shida ke nan a tafi ɗaya. Amma ɗan haya da yake yin kilomita 50,000 a shekara a cikin gari yana rage fiye da lita 1,200, don haka cikin shekara biyu da rabi ya mayar da kuɗin batirin. Saboda haka nake gaya wa ma'aikacin da tafiyarsa daga gida zuwa ofis ce kawai, ko wanda yawancin tafiyarsa ta babbar hanya ce daga Kano zuwa Abuja, cewa tsohuwar haibirid ba lallai ta cece shi ba. Ribarta tana cikin cunkoso, inda inji yake mutuwa a danja lantarki ya ci gaba da aiki. A kan doguwar hanya da gudu, injin fetur ne yake ɗaukar kusan duk nauyin, tazarar da ke tsakaninta da ƙaramar mota ta yau da kullum sai ta ragu.

Tsoron batir ya sa mutane suna mantawa da sauran jikin motar, alhali wasu gyare-gyaren suna kusa da shi a tsada. Akwai inbata, wadda take ɗaga wutar batir har zuwa bolt 650 a ƙirar 2010, kuma tana da nata lagireto da nata famfon ruwa daban da na inji. A Nuwamban 2012 Toyota ta yi kiran dawo da Prius ƙirar 2004 zuwa 2009 saboda wannan famfo, a Fabrairun 2014 kuma ta kira kusan miliyan 1.9 na ƙirar da ta biyo baya domin gyara manhajar da ke kula da inbata. Highlander haibirid da Lexus RX 400h su ma an kira su a 2011 da 2013 a kan inbata. Motar da mai ita bai amsa kiran ba a can, haka za ta iso mana da matsalarta. Akwai na'urar matsa birki, wadda idan ta gaji za ka ji famfonta yana ta ƙara a kai a kai, kuma canjinta ba ƙaramin kuɗi ba ne. Injin 1.8 na ƙirar 2010 zuwa 2015 an san shi da toshewar hanyar mayar da hayaƙi da ake kira EGR idan ya yi nisa, kuma idan aka bar ta a toshe tana iya kai wa ga ƙonewar gaskit, wanda alamarsa ita ce inji ya riƙa jijjiga da ƙarfi da safe, ruwa kuma yana raguwa ba tare da an ga inda yake zuba ba. Injin 2.4 na Camry haibirid ta farko an san shi da shan baƙin mai. Haka nan ba duk haibirid ne ɗaya ba: Honda Civic haibirid ƙirar 2006 zuwa 2008 ta yi ƙaurin suna wajen saurin gajiyar batir, har kamfanin ya sauya mata manhaja a 2010. Sunan haibirid a jikin but bai isa shaida ba, sai an san wace ƙira ce, ta wace shekara.

Yanzu na zo kan abin da ya fi ci mini rai, wato hannun da muke miƙa wa waɗannan motoci. Ba ina raina makanikanmu ba ne. Mutane ne masu basira da suke tayar da motar da a wata ƙasa da tuni an kai ta juji. Amma dabarun da suka koya a kan Peugeot 504 da tsohuwar Golf, wasunsu guba ne ga haibirid. A 2022 na kai motata a ƙara mata gas ɗin na'urar sanyi a wani wuri da na saba zuwa da tsohuwar motata. Yaron shagon ya haɗa da man kwamfiresa irin wanda yake sa wa kowace mota. Kwamfiresar Prius kuwa ta lantarki ce, wayoyinta masu babbar wuta suna jiƙe cikin man, don haka mai na musamman take buƙata da ake kira ND-11, wanda ba ya barin wuta ta bi ta cikinsa. Man gama-gari yana sa wuta ta fara zurarewa zuwa jikin mota, kwamfuta ta gano, ta hana motar tashi. Abin da aka yi cikin minti goma sai da ya ja mini canjin kwamfiresa da wanke duk hanyoyin gas. Yaron bai yi da mugunta ba, babu wanda ya taɓa gaya masa.

Irin wannan yana da yawa. Al'adar cire tamostat da sunan ƙasarmu da zafi tana hana injin haibirid kai wa zafin da kwamfuta take jira kafin ta kashe shi, sai ya yi ta aiki yana shan man da aka sayi motar domin a rage. Zuba ruwan rijiya a lagireton inbata yana kawo tsatsa da toshewa. Zuba baƙin mai mai kauri a injin da aka yi domin mai mara kauri na 0W-20 yana wahalar da shi, tunda sau da yawa yake mutuwa yana tashi a tafiya ɗaya. Fasa tukunyar salansa a cire abin da ake kira indomi a sayar yana rikita na'urorin auna hayaƙi. Direbobi ma suna da nasu rabon. Sa mota a firi a gangara ko a cunkoso yana hana batir caji, domin a wannan matsayi motar ba ta caja shi. Jan ta da igiya tayoyin gaba suna ƙasa yana juya injin lantarki yana iya lalata inbata. Barin mai ya ƙare ƙaf, wanda a lokacin layin mai yakan faru, ya fi hatsari a nan, domin babban batir ne yake tayar da inji, idan aka tilasta wa motar tafiya da lantarki har ya yi ƙasa sosai, to sai an nemo caja ta musamman kafin ta sake tashi. Kutsa ta cikin ruwan da ya taru a titi da damina kuwa, ga ta da ƙasa-ƙasa, kasada ce da ba ta da amfani. A ɗaya gefen, na ga mutumin da aka ce masa babban batirinsa ya mutu har ya fara neman bashi, ashe ƙaramin batir mai bolt 12 da ke kusurwar but ne ya yi sanyi, shi ya hana rubutun READY, mai nuna motar ta tashi, fitowa.

Sannan akwai maganar rai. Wayoyin da aka yi wa launin ruwan lemo a cikin waɗannan motoci suna ɗauke da wutar da take iya kashe mutum nan take. Ƙa'ida ita ce a kashe mota, a zare filogin tsaro da ke jikin batir, a jira mintuna wutar da ta taru a inbata ta sauka, a auna, sannan a taɓa, kuma da safar hannu ta roba wadda aka yi domin bolt 1,000. Na ga yara 'yan koyo suna kwance batir da hannu tsirara, da sifana a aljihu, a ƙasa mai danshi. Tsofaffin fale-falen da aka cire kuma suna ƙarewa a hannun 'yan gwangwan, alhali ruwan da ke cikinsu yana ƙona fata da ido.

Ga wanda ya riga ya yanke shawarar saye, shawarata ita ce kada ya yarda da mita. Mayar da mita baya abu ne da ya zama ruwan dare, kuma mota daga Amurka da mil take ƙirga, mil 150,000 kuwa kilomita 241,000 ne. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 a ƙasan gilashin gaba. Da ita ana iya ganin tarihin motar a shafin intanet na Carfax, a ga hotunanta idan ta bi ta gwanjon Copart ko IAAI, a kuma duba kyauta a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ko akwai kiran gyaran da ba a amsa ba. Wadda tarihinta ya nuna ambaliya ta taɓa cinye ta, ko kyauta aka ba ka ka bar ta, domin ruwa a cikin wayoyin haibirid ciwo ne da yake bayyana a hankali. Kada a tsaya a kan cewa babu alamar gargaɗi a gaban direba, tunda cire kan ƙaramin batir na ɗan lokaci yana goge ta, ta kuma yi kwanaki kafin ta dawo. A je da wanda yake da na'urar gwaji, ko ƙaramin filogin da ake haɗawa da waya, a hau motar rabin awa da na'urar sanyi a kunne, a taka ta a hawa, ana kallon wutar rukunai 14 na batirin, wato fale-falen nan 28 a haɗe bibbiyu. Idan wani rukuni yana faɗuwa ƙasa da 'yan'uwansa duk lokacin da aka taka, to ga kuɗin batir nan yana tafe, sai a cire shi daga farashin tun a wurin ciniki. Dillalin da ya hana a yi wannan gwaji ya riga ya ba da amsa.

Kirana na ƙarshe ga hukumomi ne. Waɗannan motoci sun riga sun shigo, kuma muddin mai yana da tsada za su ci gaba da shigowa. Hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci, da asusun horar da ma'aikata na ITF, da hukumar ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna, da ƙungiyar makanikai ta NATA, suna da ikon shirya horo na makonni kaɗan, da Hausa, a inda makanikan suke, a Ƙofar Ruwa da Panteka da garejojin Sakkwato da Bauci da Maiduguri, ba a ɗakin taron otal a Abuja ba. A koya musu zare filogin tsaro, da karanta na'urar gwaji, da bambancin mai da ruwan da wannan mota take sha, a ba wanda ya ci jarrabawa takardar shaida da zai rataya a shagonsa domin mai mota ya san inda zai nufa. Kwalejojin fasaha na jihohinmu su sayi ko da tsohuwar haibirid ɗaya ce ɗalibai su riƙa kwancewa suna ɗaurawa. Masu sayar da batir kuma a wajabta musu rubuta wa mai saye ko sabo ne, ko na jikin wata mota ne, ko haɗe-haɗe ne, da tsawon garantin da suka ba shi, domin a yanzu duk ukun da suna ɗaya ake sayar da su.

Kai kuma Malam Edita, ina roƙon ka tura wakilinka ya zaga garejojin Kano da Kaduna da Apo a Abuja, ya tambayo farashin batir iri-iri, da na famfon inbata, da na na'urar birki, ya ji ta bakin 'yan hayar da suke aiki da waɗannan motoci kullum, ku buga mana. Masu tambayata suna da yawa, kuma mafi yawansu kuɗin sallama ko na gonar da aka sayar suke shirin zubawa a ciki.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Kano.